Kilo Bakwai Zuwa Alƙahira

Shekara goma sha biyar Alhaji Halliru mai littattafai yana tashi daga Wudil zuwa Alƙahira saro kaya. Akwati biyu ake ba shi a jirgi, kuma wayam yake tafiya da su, don haka duk mai ɗa ko 'ya a can shi yake ba saƙo. Bai taɓa mayar da ƙullin kowa ba, da wannan aka san shi.

Bana kamfanin ya janye babban jirginsa, ya sa na araha. Surukinsa Lukman, ma'aikaci a jami'a, shi ya yanko masa tikiti ta waya.

"Baba, jakar hannu kawai suka yarda, kilo bakwai. Ko ruwa ba sa bayarwa. In da ƙarin kaya sai an yi rajista tun yanzu."

"Kai da ko Zariya sai an raka ka, kai za ka koya mini jirgi?"

Gida goma sha ɗaya suka kawo saƙo: daddawa, kuka, kilishi, busasshen kifi. Saudatu, wata tsohuwa daga Kausani, ta kawo kanwa da yajin jego, 'yarta ta haihu a can kwana shida.

A filin jirgi na Kano ma'aikaciyar ta dubi akwatunan.

"Baba, ba a yi musu rajista ba, kuma jirgi ya cika."

"'Yata, ni ne fa Halliru. Kullum ta nan nake bi."

"Sannu Baba. Wancan jirgin ne ya san ka."

Ya ja kayan gefe, ya tsuguna a gaban jama'a, ya zazzage jakarsa. Ya fitar da rigunansa duka, ya cusa ƙullin Saudatu, aka ɗora a sikeli. Kilo bakwai har da ɗoriya. Ya cire takalmin salla da kwalbar turare, sannan jakar ta wuce.

Lukman ya ce, "Kawo in mayar da sauran, in ce kamfani ne."

"Kamfani suka ba amana? Ba ni waya."

A tsaye ya kira gida goman ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ya gaya wa kowa: an faɗa mini, ban ji ba, laifina ne. Wasu suka ce ba komai. Ƙasimu mahauci ya ce kilishinsa ba ya cin hanya sau biyu, ya kashe waya.

Kwana tara ya yi a Alƙahira da riga ɗaya, yana wankewa yana jira ta bushe. Mai jego ta sha kunun kanwarta.

Da tafiya ta sake zagayowa, gida uku ne kawai suka zo. Sauran sun samu wani mai bi ta Legas. Ya karɓi na ukun a zaure, ya auna a gabansu, ya mayar wa kowa da rabi.