Littafin Ba'amurke a Zauren Alhaji Sada

Malam Aƙilu malamin Turanci ne a wata sakandare a Bakori. Bayan la'asar yakan zauna a majalisar bakin kasuwa yana fassara wa abokansa littafin wani marubuci Ba'amurke, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa attajiran garinsu shaguɓe har suka tsane shi. Littafin labarin wani ɗan kasuwa ne mai cika baki, kullum cikin wa'azin gaskiya, alhali yana cutar masu saye.

Ana cikin dariya sai wani ya ce, "Wallahi wannan Alhaji Sada ne!"

Aƙilu ya rufe littafin. Alhaji Sada shi ne babban dillalin masara a garin, kuma shi ya ba shi aron gonar da yake nomawa. Ga damina ta kawo jiki.

Ba a jima ba aka aiko: Alhaji na nemansa, ya taho da littafin.

"Malam, me ya kai ka?" in ji matarsa Hajjo. "In ya karɓe gonar fa?"

Aƙilu ya ɗauki littafin. Ko kokon da ta dama bai iya sha ba.

Ya tarar da Alhaji a zaure shi kaɗai, fuska a murtuke.

"An ce ka rubuta ni a littafi."

"Ranka ya daɗe, mai littafin nan ya mutu tun kafin a haife ka. Ko sunan Bakori bai taɓa ji ba."

"To karanta in ji."

Aƙilu ya fara karantawa yana fassarawa. Inda zagin ya yi zafi ya sassauta shi. Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma katse shi ba, har aka kira magariba.

"Gobe ka dawo ka ci gaba," in ji shi. "Amma a nan, ba a majalisa ba."

Aƙilu ya fito, ya kuwa san abin da ke gaba a littafin. A babi na biye ɗan attajirin ne zai gudu ya bar ubansa. Shi kuwa Alhaji Sada, ɗansa Jibril tun bara ya yi fushi ya tafi Funtua, ko waya ba ya yi.

Da ya isa gida ya buɗe babin, ya zauna yana neman yadda zai faɗe shi.