Unguwa Ta Tashi Ta Bar Damata

"Falalu, kai ka kashe mini miji."

A ƙofar masallacin unguwar Maamobi Damata ta faɗa, mutane na laluben takalmansu bayan azahar. Alhaji Falalu, mai benen da ke manne da ɗakinta, ya tsaya cak.

Lokacin da aka kawo ta amarya, ɗakin nan shi ne kan tudu, daga bakin ƙofa har rufin gidajen unguwar Nima takan hango. Sai gari ya shiga kumbura. Duk shekarar da aka yi ambaliya, mai hali ya zuba jar ƙasa ya ɗaga gidansa. Na dama ya ɗaga, na hagu ya ɗaga, hukuma ta zo ta ɗaga titi. Daga ƙarshe Falalu, wanda ta sha goyawa in uwarsa ta tafi kasuwa, ya cike filin ubansa ya kafa bene, ya toshe 'yar kwatar da ruwan lungun yake bi. Ɗakinta na nan inda yake, amma yanzu gangarawa ake yi a shiga.

Ta je ta sami Falalu tun kafin damina. Ya ce ci gaba ne ya zo, ita ma ta ɗaga nata. Da me za ta ɗaga, da ludayin koko?

*

Ranar Talata da hantsi ruwa ya kece tana bakin titi tana sayar da koko. Mijinta Iliasu na kwance a tabarma, ɓarin jikinsa ya daɗe da shanyewa. Ta bar tukunya ta kutsa lungu, ruwa har cinya. Ta tarar da shi ya jingina ƙeya da bango, ruwan kwata na taɓa haɓarsa, hannunsa mai lafiya riƙe da ƙafar tebur. An fito da shi da rai, yana rawar sanyi. Bai ga Juma'a ba.

*

Liman ya matso ya ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Falalu ya ce shi ba ma a nan yake kwana ba, yana can gidansa na kan dutse a unguwar Malam, kuma ai ya aika da shinkafar sadaka.

"Na zuba wa kaji," in ji ta. "Liman, ruwa na Allah ne, na yarda. Simintin fa, na wa ne?"

Hadari na haɗuwa ta gabas, maza suka fara duban sama suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Damata ta zauna a kan matakalar masallacin, ta miƙe ƙafafunta da suka tsage da ruwa.

"Kowa a nan ya ɗaga nasa. To ba ni tashi sai ɗayanku ya gaya mini a ina zan kwana in wannan ya sauko."