Kazar Ƙarƙashin Gado

"Kada wanda ya taɓa gadon nan!"

Muryar Baba Direba ce ta tsallako katanga, muryar da aka ce mini ta daina fita. Na yar da tsintsiya na ruga gidansu, na tarar da babban ɗansa da surukarsa sun kama ƙafafun gado, wai za su matsar da shi kusa da taga ya sha iska. A ƙarƙashin gadon kuwa, cikin tsohuwar tayar mota, kazarsa Gimbiya ce kwance a kan ƙwai tana harararmu.

Ni da kazar nan ba ma ga maciji. Ita da 'yan uwanta sun yi shekaru suna tone mini ɗan lambun bayan ɗaki. Ina jifa, Baba na leƙowa ta katanga yana cewa, "Uwar faɗa, a yi haƙuri, ba su yi makaranta ba."

"Baba, likita ya ce ka sha romo," in ji surukar, idonta a kan Gimbiya.

"Likita ya yanka tasa."

Ya kore su da hannu, ya yafito ni. Ya rame har zobensa na yawo a yatsa, amma sai da ya sa na durƙusa na laluba ƙwan. Gimbiya ta sakar mini sara a bayan hannu.

"Masu zanen gawayi su ne na kwanci. In kin ga marar zane, wata ce ta shigo ta yi, ki cire. In sun ƙyanƙyashe, ki tsoma su a ruwan shuni, shirwa ba ta gane tsako mai launi. Na bar miki su."

"Ni? Baba, ni da nake roƙon Allah shirwa ta kwashe su kaf?"

"Shi ya sa. Duk layin nan ba mai sa wa kajina ido kamarki. Yaran nan kuwa, ina rufe ido za su ɗora tukunya."

Na yi dariya.

Bai ga ƙyanƙyasar ba. Wata safiya ya cika, hannunsa na reto a gefen gado, daidai saitin tayar. Na yi kuka sosai, har na ba kaina mamaki.

Da masu ta'aziyya suka ragu, 'ya'yan suka zo fitar da kayan ɗakin. Ban san lokacin da na tare ƙofa ba.

"Kada wanda ya taɓa gadon nan!"

Babban ɗan ya dube ni, ya saki ƙafar gadon. Surukar ta mayar da wuƙar da ta ɗauko don Gimbiya madafa tana gunaguni.

Ba a daɗe ba aka fara jin tsiyau-tsiyau a ɗakin. Duka suka fito, sai baragurbi ɗaya. Na tsoma su a shuni kamar yadda ya ce, hannuwana suka rine har gwiwar hannu, maigidana ya yi ta tambaya ko na koma rini ne.

Yau da hantsi na leƙa bayan ɗaki. Gimbiya ce a tsakiyar lambuna tana tona da ƙarfinta, 'yan tsaki shuɗaye na bin ƙafafunta. Na ɗauki tsintsiya, na ɗaga kai na duba sama ko da shirwa, sannan na jingine ta a jikin katanga.