Koriyar Rigar Moumouni

Kwana hamsin da biyu ke nan da Hamdiya ta shiga takaba. Mijinta Moumouni direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwan Lome zuwa Sinkase. A kan wannan hanyar ya rasu, birki ya tsinke masa a gangaren dutse, can aka yi masa sutura. Abin da ya dawo Zongo shi ne jakar tafiyarsa kawai, ita ma aka tura ta ƙarƙashin gado ba wanda ya sake taɓa ta.

Tun bayan sadakar arba'in masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Matan unguwa sun yi ta yabon haƙurinta, wai ko hawaye ba a gani ba. Ita dai ta san ba haƙuri ba ne. Ba ta jin komai ne. Takan tashi ta yi salla, ta dafa, ta wanke kwanuka, ta zo ta zauna gindin taga tana kallon 'yan zemijan suna wucewa a kan baburansu har la'asar ta yi.

Ran Litinin yaranta suka dawo daga lakwal, wato makaranta, da leda cike da takardu masu launi. Zahida, babbar, mai shekara tara, ita ta yi bayani: jibi ashirin da bakwai ga Afrilu, ranar 'yancin kai, metires, malamarsu, ta ce kowa ya yi tutar Togo a tagar gidansu, a ɗauki hoto a tura mata. Sabiru, ƙaninta, yana tsaye yana kallon bakin uwarsu. Hamdiya ta ga faɗin a'a zai fi cin ƙarfi, sai ta ce to.

Tagar irin mai gilashi jere-jere ce, kuma aka yi sa'a guda biyar ne, daidai da layukan tutar. Hamdiya ta dama fulawa da ruwan zafi a gwangwanin tumatir, ta ɗauko almakashin ɗinkinta. Zahida na aunawa da rula, uwar na yankawa, Sabiru na shafa fulawar da yatsa, rabi a takarda rabi a wandonsa. Kore a sama, rawaya, kore, rawaya. Da aka zo kan jan murabba'in da ke kusurwa, Zahida ta shiga karanto abin da aka koya musu, rabi da Faransanci rabi da Hausa: kore gonaki ne, rawaya arzikin ƙasa, ja kuwa jinin waɗanda suka mutu saboda ƙasar.

Sabiru ya dakata da shafawa. "Mma, har da jinin Baba?"

"Baba hatsari ya yi," in ji Hamdiya. "Riƙe nan kada ya zame."

Ta ji muryarta kamar ta wata mata a rediyo.

Sai kore ya ƙare, saura layin ƙasa, wanda ya fi kowanne fitowa fili. Zahida ta ruga shagon bakin titi ta dawo hannu rabbana, duk 'yan ajinsu sun riga sun kwashe. Ta zauna ta haɗa rai, tana cewa tasu ce kaɗai za ta zama guntuwa. Ba wanda ya lura da shigar Sabiru ƙarƙashin gado sai da ya fito janye da jakar. Ya zuge ta, ya zaro koriyar rigar da uban ke sawa in zai yi tafiya, ya ce ga kore.

Hamdiya ta karɓa. Rigar na warin man mota da sabulun wanki, wuyanta ya ɗan cinye. Ta riƙe ta, ta jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Shiru. Ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ta sa Zahida ta auna, ta sa almakashi a bayan rigar ta yanke.

Tana cikin yankan Hajiya Radiyya, uwar marigayin, ta ɗaga labule, ta kawo musu ayaba daga ɗakinta na can ƙarshen gidan. Ta dubi rigar, ta dubi almakashin. Ledar ayabar ta sulale ƙasa. Tsohuwar ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Hamdiya ta dube ta kamar mai kallon ruwa na zuba a kan rufin maƙwabta. Ta san ya kamata ta ba da haƙuri, ta nemi kalmar, ta ce, "Hajiya, kore ne ya ƙare."

An ɗan jima kafin tsohuwar ta share ido. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai fulawa ba za ta riƙe yadi a gilashi ba, a kawo allura. Ita ta naɗe ƙyallen a jikin gilashin ƙasa, ta ɗinke shi ta baya da manyan ɗinki. Zahida ta yanko farin tauraro daga bangon tsohon littafinta, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, aka manna shi a haka. Koren ƙasa ya fi na sama duhu, amma daga waje tuta ce sosai. Yaran suka fita suka ɗauki hoto da wayar uwarsu, ita kuwa ta tsaya daga ciki.

Ranar bikin, kawunsu ya zo ya tafi da yaran kallon fareti. Gidan ya yi shiru. Hasken da ke shigowa ɗakin ya koma kore da rawaya, titi kuma ba ya ganuwa. Hajiya Radiyya ta shigo ta zauna ba a kira ta ba. Can ta fara ba da labarin shekarar da aka zaɓi Moumouni cikin 'yan makarantar da za su yi maci, yana ɗan shekara takwas, aka aro masa takalmin da ya fi ƙafarsa, ɗaya ya cire a tsakiyar titi, ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya ba takalmi don tsoron malami. Hamdiya ba ta taɓa jin wannan ba. Ta tambaya ko an samo takalmin. Tsohuwar ta ce ina, sai dukan da ya sha wajen ubansa.

Hamdiya ta gyaɗa kai. Ta jawo faranti ta ci gaba da tsintar shinkafa, don yaran za su dawo da yunwa.