Wasan Lahadi da Nagase Bai Buga Ba

Ƙungiyar besbol ɗin su Nagase ta sha kashi duk kakar bana. Shi kuma kafaɗarsa ta gaji da jifa, amma koci ya yi masa alkawarin wasan Lahadi, har Nagase ya kira mahaifinsa ya zo kallo daga garin Akita.

Ranar Juma'a 'yan wasa suka tafi yajin aiki. Nagase ma ya ɗaga hannu ya goyi bayan yajin, saboda 'yan wasa masu tasowa. Aka rufe kakar.

A tashar jirgin ƙasa ya tarbi tsohon, ya ce, "Baba, wasan nan fa babu."

Tsohon ya gyara hular ƙungiyar a kansa. "To, sai baɗi ke nan."

Nagase ya karɓi jakarsa. Ya kasa gaya masa cewa tun jiya aka sallame shi.