Bakin Zaren Ramla

"Mama, in kin gama warware Kyaftin, ni ma za ki warware ni ki sake?"

Ramla ce ta yi min wannan tambaya jiya bayan magariba, ga kunu a gefen bakinta. Shekarunta huɗu. Ina zaune a tabarma, hannun Kyaftin Rimi na dama yana komawa zare a cinyata.

Kyaftin Rimi matuƙiyar kumbo ce a wani kartun mai dogon zango da muke bi tun muna aji ɗaya a jami'a, ni da ƙawata Hajjo da wasu 'yan tsiraru da ba ma jin kunyar yin musu a kan launin takalmin matar da ba ta taɓa rayuwa ba. Ranar Asabar za mu taru a gindin darbejiyar bayan laburare, kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa. Ni Kyaftin nake saƙawa, da kwarashi da koren ulu. Ba na ƙulle bakin zare in na gama gaɓa, don na san sai na dawo gyara. Hajjo ta ga hotonta a waya ta ce hannun ya yi kauri. Jiyan kuma Dakta Garzali, sufabaizana mai duba bincikena, ya dawo min da babi na uku na kundina, wanda nake rubutawa a kan ruwan rijiyoyin unguwa, ya sha jan biro kamar an yanka kaza a kansa.

Na ce wa Ramla, "Wace irin magana ce wannan? Goge bakinki. Gyara zama. Kuma ki daina irin wannan tambayar."

Ta goge, ta gyara, ta daina.

Da wannan na kwanta, kuma ga mafarkin da ya same ni a daren.

Ga ni a bakin get ɗin jami'a da hantsi. An saƙa get ɗin da ulu, an saƙa titi, adaidaita sahu tana wucewa tana barin ɓurɓushin zare a bayanta. Maigadi zakara ne da hular sanyi. Bai tambaye ni katin shaida ba.

Ya ce, "Wane kashi kika kai a kallon kartun ɗin Kyaftin?"

Na faɗa masa.

"Kada ki ba ni labari, ni ina baya," ya ɗaga min igiya na wuce.

Ramla na riƙe da hannuna. Ita ma saƙa ce, ulu mai ruwan ƙasa, idanunta maɓallai, amma ɗumin jikinta nata ne, ƙamshin kanta ma nata ne. Abin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne bakin zaren da na gani yana ja a ƙasa daga diddigenta na hagu. Ban ƙulle shi ba. Na duƙa na naɗe shi a yatsana, na ce mata kada ta yi gudu.

Ruwa ya fara tasowa daga kwata zuwa sama. Ɗalibai suka juya laimominsu suka tsaya a ciki. Rijiyoyin da nake bincike a kansu suna can rataye cikin gajimare, bakinsu na kallon ƙasa, suna cika. Na ce a raina dole in saka wannan a babi na huɗu. Na ɗauki Ramla na saɓa, domin ulu in ya jiƙe tsukewa yake yi.

Muna cikin ofishin sashe. Sakatariya akuya ce mai tabarau, da mayafi a kafaɗa. Na miƙa mata kundina, ta cinye shafin farko, ta ce, "An karɓa. Yau ne difens ɗinki, ranar da za ki kare aikinki a gaban malamai. Ina aikin?"

Na ce, "Shi kike ci, Hajiya."

"Wannan karin kumallo ne." Ta nuna Ramla da kofato. "Ga aikin nan a kafaɗarki. A nan sashen, abin da ɗaliba ta fi daɗewa tana gyarawa shi ne aikinta."

"'Yata ce."

"To, kin ga ba wanda zai ce kwafa kika yi. Zauren yana hawa na sama. Bi matakalar nan da ta yi ƙasa."

Na bi. Ina sauka ina haki kamar mai hawa, yatsana na zafi saboda zaren.

Zauren difens ya cika da kujeru, kujerun kuma duk sun juya baya. Mutum uku ne a kan dogon tebur. Dakta Garzali ya zama hawainiya, yana sanye da babbar riga, jan bironsa a baki. Hajjo tana nan yadda take, sai dai a kan talabijin take zaune tana kaɗa ƙafa. Ta ukun ita ce mai jarrabawa daga waje: Kyaftin Rimi da kanta, wadda na saƙa, ta yi tsayin mutum, hannunta ɗaya, zare na reto daga kafaɗar da na warware.

Aka ce in ɗora aikin a tebur. Na zaunar da Ramla, na gyara mata siket, ban saki zaren ba.

Dakta ya juya ido ɗaya gare ni, ɗaya ga Ramla. "Malama Saudatu, an yi ƙoƙari. Amma aikin ba ya zama waje ɗaya."

Hajjo ta ce, "Kuma wallahi ba haka take a kashi na ɗaya ba. Ni fa na je suna. Lokacin ba ta da surutu, ba ta da haƙori, inda aka ajiye ta nan ake samunta. Ƙawata, kin kauce wa asali."

"Girma ta yi, Hajjo."

"Haka masu lalata labari suke cewa kullum."

Dakta ya zama ruwan ɗorawa. Ya fara jero kurakurai. Tana gudu a kan tayil. Tana shan kunu da hanci. Tana lasar bango. Tana tambaya a gaban baƙi. Tana saka takalmi a karkace. Ina sauraro sai na ji da muryata yake magana, har da 'yar tsakin da nake yi a ƙarshe.

Ya ce, "Ƙananan gyare-gyare ne. A warware zuwa wuya, a sake. Kan ba laifi."

Na ce, "Ban yarda ba, Dakta."

"Ai ke kika bar bakin zaren. Wanda ya bar baki a buɗe ya nemi gyara ke nan."

Harshensa ya miƙo tun daga can ƙarshen tebur ya zare zaren daga yatsana. Ya maƙala shi a fankar sama. Akuya ta leƙo ta kunna.

Diddigen Ramla ya tafi. Tafin ƙafar ya bi. Layi bayan layi, da irin ƙarar nan ƙasa-ƙasa da na sani, wadda nake ji kullum a cinyata ba tare da na ji komai ba.

Ramla ta leƙa ƙasa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Mama, ƙafata ta tafi. Za ki yi min mai kyau wadda ba ta gudu?"

Na ruga wurin makunnin fanka. Ya matsa sama. Na yi tsalle, ya koma bayan ƙofa. Na zazzage jakata: ga audugar cusa 'yar tsana, ga biskit ɗin Ramla, ga maganin zazzaɓi, ga wandonta na canji. Babu almakashi.

"Ina almakashina?"

Akuya ta ce, "Suna yajin aiki. Sai abin da taronsu ya yanke."

Na kama zaren da haƙori. Ɗanɗanon kunun gyaɗa gare shi, kuma bai tsinke ba. Gwiwa ta fara tafiya. Na cire mayafina na wurga wa fankar, ya naɗe fukafukanta, ta yi tari sau ɗaya ta tsaya. Na juya in kwaso zaren in mayar, sai na tarar akuya ta tsotse shi kamar taliya, tana goge baki.

Ta ce, "An shigar da shi fayil."

Ramla na zaune da ƙafa ɗaya da rabi, auduga na leƙowa daga cinyarta. Na toshe wurin da tafin hannu. Na duba zauren. Labule takarda ne. Kafet ɗin ruwa ne. Ulu ɗaya ya rage a ɗakin, yana zaune a kujerar mai jarrabawa daga waje.

Na sa ɗaya hannun na kamo zaren da ke reto a kafaɗar Kyaftin.

Hajjo ta diro daga kan talabijin. "Ke Saudatu! Asabar fa! Me za ki kawo? Kin san Mubarak, ɗan taron namu, jirgin Kyaftin gaba ɗaya ya ƙera da kwali, har da fitila!"

"Ya kawo."

Kyaftin ta dube ni da maɓallan da na zaga kasuwa kafin na samo. Ta ce, "Watanni kika yi a kaina, Malama. Saura kaɗan ki dace da kamannina."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ki yi haƙuri."

"A kashi nawa aka yi haka?"

"Ba a yi ba."

Sannan ta sara min da hannun da ya rage, irin sarawar da take yi kafin kumbo ya tashi. Na ja. Kafaɗa ta zube, ƙirji ya zube, lambar muƙaminta da na sake sau ba adadi ta zube. Takalmanta ne kawai suka rage a ƙarƙashin tebur, a jere.

Babu kwarashi a jakar. Na fizge jan biron daga bakin Dakta, na lanƙwasa kansa da haƙori. Ya zama fari fat.

"Malama Saudatu, wannan kayan sashe ne."

"Zan dawo da shi."

Na zauna a ƙasa na ɗora Ramla a cinya na fara. Ban ƙirga ba, ban duba hoto ba. Layi ɗaya ya tsuke, na gaba ya saki. Gwiwar ta fito da ƙulu. Ƙafar ta ɗan fi 'yar'uwarta tsawo, babban yatsan ya kalli gefe. Kuma koriya ce shar, jikin Ramla kuwa ruwan ƙasa.

Hajjo ta leƙo ta kafaɗata. "Ƙawata, tsakani da Allah, yatsan nan..."

"Na gani."

"Warware layi biyu kawai."

Hannuna har ya kama hanya. Ya saba. Na tsayar da shi, na zura bakin zaren cikin madaukin ƙarshe.

Kujerun zauren duk suka juyo gaba ɗaya.

Dakta ya ce, "Ki yi tunani. In kika ƙulle, ba sauran gyara. Haka za ta fita duniya, kowa ya gani, da sunanki a jiki."

Na ce, "Da sunana a jiki."

Na ja ƙullin. Na ƙara wani a kansa. Na tura ragowar zaren ciki inda ba harshen da zai kai.

Ramla ta sauka daga cinyata. Ta taka koriyar ƙafar, ta taka ɗayar. Ta dube ni.

"Mama, wannan ma tana gudu."

"To, gwada mu gani."

Ta kwasa. Tana ɗingishi tana dariya, ta zaga tebur, ta bi ta ƙarƙashin babbar rigar Dakta, ta ture jug ɗin ruwa, ruwan ya zube a silin. Na ji "daina gudu" tana tasowa daga maƙogwarona, doguwa, ja, kamar zare. Na datse ta da haƙori na haɗiye. Wannan ta tsinku.

Dakta ya rasa launin da zai zama, sai ya zama kore shi ma. Akuya ta shigo da hatimi, ba ta sami takarda ba tunda ta cinye, sai ta hau buga shi a kan tebur. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙwas. Ƙwas.

Cokali ne a jikin kofin silba. Gari ya waye, Ramla na tsaye a bakin gado tana kiran kunu. Na kamo ƙafarta ta hagu kafin in ce komai. Nama ce, da datti a diddige.

Sai na ga abin da ke bayanta. Ta goya Kyaftin da ɗankwalina. Zaren kafaɗar ya maƙale a ƙafar kujera tun daga falo, ya bi ta ƙofa, ya zaga gado. Rabin ƙirjin ya tafi.

Ramla ta bi idona. Ta saki cokalin. Ta goge bakinta, alhali babu komai a kai, ta haɗe ƙafafunta.

Na ce, "Juyo."

Ta juyo tana ƙifta ido. Na tsinke zaren da haƙori, na ƙulle shi a daidai inda ya tsaya, na gyara mata goyon.

"Ba za ki sake ta ba?"

"A'a. An gama ta. Taki ce."

Ranar Asabar da su biyun zan je gindin darbejiya, Hajjo ta faɗi abin da za ta faɗa.

Ke kuma da kike karanta wannan da kwarashi a hannu, ko jan biro, ki duba wa ke zaune kusa da ke yana kallon yadda kike warware abin da kike so. Yara suna lura, kuma suna auna kansu da abin da ke cinyarki. Ki ƙulle bakin zaren yau, ko da yatsan ya karkace. Kada ki bari sai an tambaye ki.