Abin da Yaya Ta Goge

Aikin Yaya a laburare ba mai wuya ba ne, amma yana cin ido. Duk littafin da aka dawo da shi sai an jefa shi a akwatin bakin ƙofa, daga nan a turo shi ɗakin baya, inda take zaune da gam da magogi da ɗan buroshi. Ta liƙe abin da ya yage, ta goge abin da masu karatu suka rubuta da fensir. Tun ranar da ta kama aiki aka koya mata ta riƙa farawa daga shafin ƙarshe tana yo baya, wai don kada labari ya ja ta ta zauna karatu. Shekara tara tana haka, har hannunta ya saba goge rubutu ba tare da idonta ya karanta ba.

A bana littafi ɗaya ne ya ishe ta, wanda ma'aikata ke kira baƙin littafi saboda bangonsa. Labarin wani gida ne da ke ƙara ɗaki da kansa duk lokacin da matar gidan ta haɗiye magana, har ya yi girman da ta kasa gane hanyar fita. Yaya ba ta karanta shi ba, kuma ba ta da niyya, don matsoraciya ce ta ƙarshe. Amma duk wanda ya ara sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi, kuma masu biro sun fi ƙarfin magogi, dole ta gani. Wata ta rubuta cewa kwana uku ta yi ba ta rufe ƙofar banɗaki ba. Wani, da gani namiji ne, ya cika rabin shafi da faɗan cewa irin waɗannan littattafai ne ke hure wa mata kunne. Wata ta amsa masa a ƙasa cewa ai ga shi ya kai shafi na ɗari biyu, wa ya riƙe shi?

Ranar Talata da hantsi littafin ya dawo cike da fensir, rubutu ƙanana, a takure a gefen shafi. Yaya ta yi tsaki ta juya shi. Farin shafin ƙarshe layi shida ne cur. Ta share su tas, ta hure garin magogin, ta ci gaba tana tunanin abin da za ta dafa in ta koma gida.

Sai wajen shafi na arba'in idonta ya kama kalmar ƙofa. Ba kalmar ce ta tsayar da ita ba, ƙugiyar harafin farko ce, an lanƙwasa ta kamar mariƙin lema. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai wannan ƙugiya, domin ita ta riƙe hannunta ta koya mata rubutu, ta kuma yi faɗa a kai har ta gaji ta ƙyale. Auta ce, ƙanwarta.

Ta duba katin aro. Lambar Auta ce. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ke zuwa ya arar mata littafi ya kuma dawo da shi, mutum mai fara'a da har masu shara yake tsayawa ya gaisar. Yaya ta lissafa, wata huɗu rabonta da ganin Auta. Kullum akwai dalili, ko mura, ko baƙi, ko gyaran gida. In sun yi waya kuma, muryar takan fito da amo, irin na wayar da aka ajiye a kan tebur kowa na ji.

Ta ajiye magogin ta karanta abin da ya saura. Inda mijin cikin labarin ke riƙe makullai wai don kada matarsa ta wahala, Auta ta ja layi ta rubuta cewa haka shi ma yake cewa. A shafi na ashirin da ɗaya ta rubuta cewa ta waje yake kulle mata ƙofa. A na tara kuwa ba komai sai ɗan wasa, wai matar nan ba ta da wayo. Nan tsoro ya kama Yaya sosai. Tana yo baya rubutun yana sauƙi. Ke nan da Auta ke nutsawa cikin littafin abin yana ƙara muni, kuma mafi munin duk ita ta riga ta share shi da hannunta, shafi sama da ɗari biyu.

Ba ta yi tunani ba, ta ɗauki waya ta kira lambar Auta. Injiniya ne ya ɗauka. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi aiki, ya ce Auta ta kwanta, kanta ke ciwo. Yaya tana da hali guda, in ta tsorata bakinta yakan riga ta. Ta ji kanta tana cewa ba komai, rubutun Auta ta gani a littafin da aka dawo da shi, shi ne take so ta tambaye ta. Ya yi ɗan shiru, sannan ya yi dariya, ya ce Auta da zane-zane ai sai haƙuri, zai faɗa mata in ta tashi.

Ta ajiye wayar, amma shirun nan da ya yi ya ƙi barin kunnenta. Sai ta tuna da layi shidan shafin ƙarshe. Magogi yana cire baƙin fensir, ba ya cire sawunsa a jikin takarda. Ta kai littafin bakin taga, ta kwantar da fensir ta shafa gefensa a hankali a kan shafin. Haruffan suka fara fitowa farare cikin toka, wasu a gutsure.

A rubutun, Auta ta ce ta san Yaya ce mai gogewa, shi ya sa ta rubuta a nan, don shi ba ya buɗe littafin mata. Ta ce ranar Alhamis zai yi tafiyar aiki, a zo da mai yanka ƙarfe ya yanke kwaɗon ƙofar. Layin ƙarshe ta danna fensirin har ya kusa huda takardar. Kada ki kira, wayar tana hannunsa. Kada ya san na rubuta.

Yaya ta tsaya da littafin a hannu. A ɗakin gaba tana jin wata ɗaliba tana tambaya ko baƙin littafin ya dawo, ta daɗe tana jiran layi. Wayar ta yi ƙara a kan tebur, lambar Auta.

“Yaya, ni ne,” in ji Injiniya, muryarsa a kwance. “Na tashe ta. Wane littafi ne a ciki? Ta ce ba ta tuna ba.”

Yaya ta ce a ba ta Auta. Ya ce ai tana ji, ga ta kusa da shi. Ta kira sunanta sau biyu. Numfashi kawai ta fara ji, gajere-gajere, sannan muryar ƙanwarta ta fito a hankali, a daidaice, kamar tana karanta takarda.

“Lafiya lau nake, Yaya. Wasa ne na yi. Ki goge kawai.”

Aka kashe wayar. Alhamis saura kwana biyu, kuma Yaya ta san yanzu babu tafiyar da zai yi.